Yadda ake gwada allo da ƙarfin gem na sabuwar laftop tun tana sabuwarta

Ranar da ka cire sabuwar laftop daga kwali, komai nata burge ka yake yi: allon fes, madannai ba ƙura, fanka shiru. To amma laftop ɗin gem, wato ta buga wasannin kwamfuta, ba ta nuna halinta a minti biyar na farko. Sai ta ɗau zafi. Kuma kwanakin da mai sayarwa ya ba ka na mayar da kaya suna ƙirguwa ne tun daga ranar da ta shigo hannunka, ko ka gwada ko ba ka gwada ba. Shi ya sa nake ganin kada ka ɓata daren farko wajen zaɓen hoton bango. Ware awa uku, ajiye kwalin da rasit a wuri mai kyau, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, tabbatar abin da ka biya shi aka ba ka

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance ka karanta sunan furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar), yawan RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da sunan katin hoto (ɓangaren da ke zana hotunan wasa), ka kwatanta da abin da ke kan rasit. A ɓangaren RAM duba ramuka nawa ne aka cike. Idan sanda ɗaya ce mai 16GB a maimakon biyu masu 8GB, wasanni da dama za su ɗan ja ƙafa. Wannan ba aibi ba ne, ana gyara shi da ƙarin sanda, amma gara ka sani tun yanzu. Sauke CrystalDiskInfo ma, ka ga awa nawa faifan ajiyar ya taɓa yi a kunne. 'Yan awanni na gwajin masana'anta ba komai ba ne. Ɗaruruwan awanni kuwa, wani ya riga ka amfani da ita.

Daga nan ka bar Windows ta gama sabunta kanta, ka sa sabon direban katin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da katin, daga shafin Nvidia ko AMD, ka sake kunna na'urar. Gwajin da aka yi ana tsakiyar sauke sabuntawa aikin banza ne.

Allo tukuna, kafin gem

Na fi son a fara da allo, domin shi ne abin da ba ya gyaruwa da saiti. Kana iya ƙara RAM, kana iya sauya faifai, amma allon da ka karɓa da shi za ka zauna shekara da shekaru, idonka a kansa kullum.

Goge shi da ƙyalle mai laushi, don kada ƙwayar ƙura ta ruɗe ka. Sai ka buɗe hotuna masu launi ɗaya tal da za su cika allon baki ɗaya: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Shafin Lagom na gwajin allo kyauta ne, ko ka haɗa launukan da kanka a Paint. Matso da fuskarka kusa, kamar tazarar taƙi ɗaya, ka bi allon layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Allo mai 1920 a 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kowanne da ƙananan fitilu uku a ciki, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami ɗaya ya lalace. Ɗigon da ya mutu baƙi yake zama, a kan farin hoto ake kama shi. Wanda ya maƙale kuwa launi ɗaya yake haskawa, ja ko kore, a kan baƙin hoto ya fi fitowa. Idan ka gan shi, ɗauki hotonsa nan take. Kamfanoni da yawa ba sa canza allo a ƙarƙashin garanti saboda ɗigo ɗaya, suna da adadin da sai ya kai kafin su amsa, don haka wa'adin mayarwa shi ne babbar ƙofarka.

Yanzu kashe fitilar ɗaki, ka bar baƙin hoton, ka sa hasken allo a matakin da za ka riƙa amfani da shi, kusan rabi. A nan mutane ke ruɗa abu biyu. Akwai yoyon haske: tabo fari-fari a gefe ko a kusurwa, wanda ba ya motsawa ko ta ina ka kalle shi. Matsewar firam ɗin allo ke jawo shi. Akwai kuma ƙyallin da irin allon da ake kira IPS ke yi a kusurwoyi, wanda ke sauyawa ko ya ɓace idan ka karkata kanka ko ka ja baya. Na biyun halin irin allon ne, ko ka canza goma haka za ka samu. Na farkon ne ake mayar da kaya saboda shi idan ya yi yawa. Kada ka yanke hukunci da hoton waya. Kyamara tana ƙara gishiri sosai a cikin duhu. Idonka ne alƙali. Idan kuma allonka OLED ne, babu fitila a bayansa, baƙinsa ya kamata ya zama baƙi ƙirin. Shi abin dubawarsa hoto mai ruwan toka mai duhu ne, ka ga ko launin ya tafi bai ɗaya ba zane-zane.

Sai launi, kuma nan ne laftop masu sauƙin kuɗi suka fi ɓoye rauninsu. NTSC da sRGB ma'aunai ne na yawan launin da allo ke iya nunawa: idan takardar bayani ta ce 45% NTSC, allon bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na launukan sRGB ba. Ja zai koma kamar ruwan lemo da ya koɗe, ciyawa a cikin wasa ta zama kamar ta sha rana. Wanda aka rubuta 72% NTSC ko 100% sRGB shi ne mai cikakken launi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in buɗe hoto ɗaya a waya mai kyan allo da kuma laftop ɗin, in jera su. Na taɓa yin haka da hoton jar fure, a wayar jajawur, a laftop ɗin kamar an wanke ta sau ashirin, alhali mai sayarwa ya rantse mini allon na ƙarshe ne. Manhajar HWiNFO za ta nuna maka lambar ainihin allon da ke ciki, na BOE ne ko AU Optronics ko LG Display, sai ka nemi bayanansa da wannan lambar. Laftop iri ɗaya tana iya zuwa da allo daban-daban.

Haske, wanda ake aunawa da nit: 250 nit ya isa ɗaki mai inuwa kawai, 300 zuwa sama ya fi kwanciyar hankali. Rage hasken zuwa ƙasa sosai ka haska kyamarar waya a yanayin ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. Idan ka ga baƙaƙen layuka suna gudu, allon yana ƙifta haskensa ne don ya rage shi, kuma akwai masu samun ciwon kai da gajiyar ido daga wannan.

Abu na ƙarshe a allo shi ne saurinsa. Shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka duba adadin Hz, wato sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa. Sau da yawa allon 144Hz ko 165Hz yana zaune a kan 60 mai shi bai sani ba. Gyara shi, sannan ka buɗe shafin TestUFO ka bi ɗan jirgin da ke wucewa da ido. Idan yana jan doguwar inuwa a bayansa, ɗigon allon suna da nawar sauya launi, kuma yawan Hz ba zai rufe wannan ba.

Shirya ta don gem

Sa cajarta ta asali, ba ƙaramar cajar USB-C ba. A kan batir, laftop ɗin gem tana rage wa kanta ƙarfi sosai. Ɗora ta a tebur mai tauri, ba kan katifa ba. Buɗe manhajar kamfanin, Armoury Crate a Asus, Vantage a Lenovo, NitroSense a Acer, ka zaɓi yanayin ƙarfi. Idan tana da maɓallin MUX, kunna shi don katin hoto ya aika hoto kai tsaye zuwa allo ba tare da ya bi ta ƙaramin katin da ke cikin furosesa ba.

Akwai lamba ɗaya da ba a cika rubutawa a talla ba, ita ce wat nawa aka ba katin hoto. RTX 4060 na laftop, alal misali, Nvidia ta ba kamfanoni damar saita shi daga wat 35 har zuwa 115. Suna ɗaya, aiki ba ɗaya ba. Buɗe Nvidia Control Panel, shiga System Information, za ka ga iyakar wat ɗin naka. Da wannan lambar za ka san da waɗanne laftop ya dace ka kwatanta taka.

Gwajin kansa

Sauke manhajar auna ƙarfi ta 3DMark daga shagon wasanni na Steam, akwai na gwaji kyauta, ka gudanar da gwajin Time Spy da ke cikinta. Rubuta makin katin hoto daban da na furosesa, ka nemi makin masu irin laftop ɗinka. Bambanci kaɗan ba abin damuwa ba ne. Idan ka yi ƙasa da su da kashi 15 ko 20 cikin ɗari, koma ka duba caja da yanayin ƙarfi da direba kafin ka zargi na'urar. Cinebench kuma, wata manhajar gwajin, zai matsa wa furosesa, bar shi ya yi zagayen minti 10 ɗinsa.

Amma maki ba wasa ba ne. Sa MSI Afterburner tare da RivaTuner don lambobi su riƙa fitowa a kusurwar allo: firam a daƙiƙa (yawan hotunan da wasa ke fitarwa), zafin furosesa da na katin hoto, saurinsu, wat ɗin da suke ja, da yawan ma'ajiyar katin da ake ci. Buɗe wasan da kai kake bugawa, a cikakken girman allon, ka kashe DLSS ko FSR, dabarun da ke rage wa katin aiki don ƙara firam, a zagayen farko don ka ga ƙarfin katin tsurarsa. Wasanni irin su Cyberpunk 2077 da Forza Horizon 5 suna da gwajinsu a ciki, wanda ke maimaita fage ɗaya, yana da amfani wajen kwatance.

Kada matsakaicin firam ya ɗauke maka hankali. A firam 60, kowane hoto yana ɗaukar kusan milidaƙiƙa 16.7. Idan ɗaya ya ɗauki 50, hannunka zai ji cijewar ko da lambar sama tana cewa 90. Shi ya sa ake duba abin da ake kira kashi 1 mafi ƙasa, wato firam ɗin da suka fi kowanne jinkiri. Wasan da ke ba da 70 a miƙe ya fi daɗin bugawa a kan mai tsalle tsakanin 110 da 35.

Sai babban gwajin, wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Rubuta lambobinka a minti na biyu. Ci gaba da wasa a wuri mai cunkoso har minti 40, ka koma daidai wurin da ka fara, ka sake rubutawa. Yawancin furosesa na Intel suna fara rage gudu don kare kansu a wajen digiri 100, katin Nvidia na laftop kuwa a wajen 87. Taɓa digiri 90 jefi-jefi a furosesa ba baƙon abu ba ne a laftop. Abin tsoro shi ne ka ga zafi ya manne a ƙololuwa, sauri yana zamewa, firam ya faɗi daga 80 zuwa 55 a fage ɗaya. Bar HWiNFO a buɗe a baya, zai rubuta maka ko an sami ragin gudu saboda zafi.

A cikin waɗannan mintuna 40, yi amfani da jikinka ma. Ɗora yatsunka a W da A da S da D, ka ji ko suna ƙuna. Kai hannu bayan laftop ɗin ka tabbatar iska mai zafi tana fita ta kowace ƙofa. Ɓangaren da ya yi sanyi yana iya nufin fanka ɗaya ba ta juyawa. Cire lasifikar kunne ka saurara. Ƙarar iska dole ce, amma ƙarar karce ko ƙas-ƙas alamar fanka mai matsala ce. Idan ka ga ɗigo masu launi suna walƙiya a cikin hoto, ko allo ya yi baƙi ya dawo, ko na'urar ta mutu da kanta, sake sa direba ka gwada sau ɗaya. In ya maimaita, ɗauki bidiyonsa da waya, haɗa da hotunan lambobinka da rasit, ka mayar da ita cikin kwalinta tun wa'adin bai cika ba.