Yadda ake shigar da bayanai cikin manhajar tantancewa ba tare da an ɓata su ba

Matasan da nake koya wa aikin bayanai a Birnin Kebbi kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe. Tun kafin kaya su isa manhajar da za ta tantance su, an riga an lalata su a hanya.

Abu na farko, ka san daga ina bayanan suka fito. Galibi fayil ne na CSV (jadawali a rubutu zalla, waƙafi ke raba bayanansa) ko Excel, ko rumbun bayanai irin PostgreSQL da MySQL, ko abin da masu zagaya ƙauyuka suka tattaro a waya da KoboToolbox ko ODK, ko kuma rajistar takarda da wani ya zauna ya buga. Ma'aikatan lafiya suna da manhajarsu ta tara bayanai, DHIS2. Kowanne da irin ciwonsa.

Na biyu, ka kwafi fayil ɗin ka ajiye na asali a gefe, kada ka taɓa shi.

Na uku shi ne inda na ƙone. Kada ka buɗe CSV da danna shi sau biyu. An taɓa ba ni jerin manoman shinkafa na wata ƙungiya a Argungu, na buɗe shi haka a Excel, na gyara suna biyu, na adana a kan na asali. Lambar wayarmu lamba 11 ce, da sifili take farawa, sai Excel ya ɗauke ta lissafi ya cinye sifilin. Wannan da sauƙi, ana mayarwa. Waɗanda aka rubuta da 234 a gaba kuwa suka koma irin 2.34803E+12, kuma haka suka zauna a fayil ɗin, sauran lambobin sun tafi. Kwana uku muna bin shugabannin manoma muna sake karɓa.

Don haka ni OpenRefine, manhajar tsaftace bayanai, nake sa kowa ya yi amfani da shi. Kyauta ne, a kwamfutarka yake aiki, in ka sauke shi sau ɗaya ba ya ƙara cin data. Wajen shigar da fayil ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe, ka ga Ɗanjuma ya zama shirme. Ka kuma tabbata ba a kunna zaɓin mayar da rubutu lamba ba. Lambar waya da NIN da BVN duk rubutu ne, ba wanda zai tara su ko ya raba. In Excel ya zama dole, ka shigar da fayil ɗin ta sashen Data, ka sa jerin lambobin ya zama Text.

Bayan nan ka sa manhajar ta ƙirga ƙananan hukumomi. Kebbi 21 gare ta. In ka ga 30, to Aliero da Aleiro ne, da B/Kebbi, da Koko/Besse da aka rubuta iri uku. Zaɓin Cluster na OpenRefine, mai gano sunaye masu kama da juna, zai haɗa maka su, amma ka duba da idonka kafin ka amince, don Dandi daban, Arewa Dandi daban.

Rumbun bayanai kuwa, ka roƙi izinin karantawa kaɗai. Na Kobo ka lura ko lambobin amsa ka fitar ko sunayensu. Kwanan wata irin 03/04/2024 ka tambayi wanda ya rubuta, Maris ne ko Afrilu. Na takarda kuma ka ɗauko rajistar, ka zaɓi layi goma ka gwada da abin da aka buga.