Yadda Ake Faɗin Ra'ayi a Majalisun Hausawan Makka da Jidda

Bayan sallar isha'i, a unguwannin da Hausawa suka daɗe suna zaune a Makka, irin su Hindawiyya da Misfala da kewayen Titin Mansur, za ka tarar an shimfiɗa darduma a ƙofar gida ko a saman bene, an ajiye fulas ɗin shayi da na gahawa, ga dabino a faranti. Hirar kuwa da wuya ta wuce abu huɗu: halin da ake ciki a gida, yadda riyal ya kwana a kan naira, ƙwallon daren jiya, da abin da wani ya turo a waya. Kowa yana da ta cewa, kuma wannan ba aibi ba ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yadda ake fitar da ra'ayi har a saurare shi, ba tare da an ɓata zumunci ba, ba tare kuma da mutum ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa a ƙasar da yake baƙo ba.

Abu na farko shi ne mai magana ya raba zancensa gida uku tun kafin ya buɗe baki: abin da ya gani da idonsa, abin da aka faɗa masa, da abin da yake zato. Hausa tana da kalmomin da ke yin wannan aiki, sai dai mun yi sakaci da su. "Na gani" daban take da "an ce", "wai" kuma daban take da "a ganina". Yawancin rigimar majalisa tana tasowa ne daga mutumin da ya ɗauki "wai" ya sa mata rigar "wallahi". Aya ta 6 a suratul Hujurat ta yi umarni da a nemi tabbaci idan labari ya zo, kuma Imam Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Mutanen da ke kwana suna tashi a kusa da Harami sun fi kowa jin wannan karatu, amma waya ta sa mun fi kowa saurin mance shi.

Neman tabbacin ba ya buƙatar dogon ilimi. Idan saƙo ya shigo WhatsApp, a duba samansa: wanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu yana ɗauke da alamar kibiya biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata. Daga nan a tambayi ranar da abin ya faru da garin da ya faru, domin tsohon bidiyo yakan dawo da sabon suna duk lokacin da wata masifa ta auku. Lokacin da madatsar Alau ta fashe, ruwa ya ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, wani dattijo a majalisarmu ya miƙo min wayarsa yana salati, ya ce in dubi yadda gari ya koma. Da na ƙura ido sai na ga rubutun allunan shagunan ba Hausa ba ne, ba boko ba ne, ba kuma Larabci ba. Na ce, "Baba, ambaliyar gaskiya ce, amma wannan hoton ba na can ba ne, ku dubi rubutun nan." Ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya sake kallo, sannan ya ce ai har ya riga ya tura wa 'yarsa. Ana iya sa hoto a Google Lens a ga inda ya fara fitowa, ana kuma iya jira a ji ko sashen Hausa na BBC, ko DW, ko RFI ya kawo labarin. Mafi sauƙi duka shi ne a kira ɗan'uwan da ke garin a tambaye shi.

Bayan an tabbatar da labari, sai a gina ra'ayin a kan wani abu da za a iya riƙewa da hannu. Misalin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne canji. Sau da yawa za ka ji ana cewa riyal ya tashi, ana ɗora laifi a kan 'yan canji ko a kan lokacin aikin hajji. Gaskiyar magana ita ce tun 1986 riyal yake ɗaure da dala a kan 3.75, bai motsa ba. Idan ka ga riyal ɗaya yana sayen naira fiye da na bara, to naira ce ta faɗi, kuma babbar faɗuwarta ta biyo bayan sakin farashinta da aka yi a watan Yuni na 2023, makonni kaɗan bayan an sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu. Wanda ya san wannan yana da damar ya ce matakin ya yi daidai ko ya ce kuskure ne, duka biyun ra'ayi ne da za a iya tattaunawa. Wanda bai sani ba kuwa zai kwana yana musu a kan abin da bai faru ba.

Sai kuma sanin waɗanda ke zaune. Majalisar Hausawa a nan ba ta mutanen ƙasa ɗaya ba ce. Akwai Bakano da Bakatsine, akwai mutumin Damagaram ko Maraɗi, akwai Bahaushen Sudan wanda kakanninsa suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, akwai kuma wanda a Makka aka haife shi, aka haifi mahaifinsa, bai taɓa ganin Kano ba. Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli na 2023, da rufe iyakar da ya biyo baya, muhawara ce a wurin wani, a wurin wani kuwa hanyar abincin iyayensa ce aka toshe. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu na shekarar yana da mutanen da ya raba da gidajensu a cikin waɗanda muke shan shayi tare. Kafin mutum ya yanke hukunci a kan irin waɗannan, ya fara tambayar wanda abin ya shafa, ya bar shi ya gama. Idan dattijo ne ya yi kuskure, ba a ce masa ya yi ƙarya. Ana cewa, "Allah gafarta Malam, ni kuwa abin da na ji ya ɗan saɓa," ko "Kawu, a gyara min in na ɓata." Wannan ba ya rage wa hujja ƙarfi, yana dai barin wa mai girma ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Akwai batun da ya kamata a faɗa ƙarara, domin matasa da sababbin zuwa sukan ɗauka wayarsu ɗakinsu ce. Saudiyya tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2007. Sashe na 3 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, da tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya ɓata sunan wani ta na'ura ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Sashe na 6 ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan 3 a kan abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a, ko darajar addini, ko tarbiyya, kuma bai tsaya ga wanda ya ƙirƙira ba, ya haɗa da wanda ya tura da wanda ya ajiye. Mai zama da igama, wato takardar izinin zama, kuma yana iya fuskantar tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsu, bayan hukuncin. Saboda haka siyasar ƙasar nan da shugabanninta ba abin rubutu ba ne a zauren WhatsApp, ɗaukar hoton mutum a titi ko a wurin hatsari a watsa ba wasa ba ne, ɗaga tuta ko taken siyasa a Harami da wuraren aikin hajji kuma an hana shi. Zauren da ke da mutum ɗari biyu, ka san hamsin daga cikinsu, ba majalisar ƙofar gida ba ce. Maganar baki iska ke tafiya da ita, saƙon murya kuwa yana nan har ranar da wani zai ga dama ya tura shi gaba.

Ƙwallo ita ce filin da ya fi dacewa a koyi musu, domin a nan ne mutum zai iya ɗaga murya ya kwana lafiya. A Jidda gida ɗaya yakan rabu tsakanin Al-Ittihad, wadda aka kafa a 1927, da Al-Ahli ta 1937, a Makka kuma akwai masu riƙe da Al-Wehda komai wuya. Tun da Cristiano Ronaldo ya sa hannu da Al-Nassr a ƙarshen Disamba na 2022, Karim Benzema da N'Golo Kanté suka zo Al-Ittihad a 2023, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ko wannan kuɗi yana gina 'yan wasan gida ko yana zaunar da su a benci. Ni ina cikin masu ganin benci ya yi yawa, amma wanda zai saɓa min yana da abin faɗa, kuma in ya faɗa da hujja zan saurara. Hujjar ita ce a kawo shekara da suna: Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a ranar 22 ga Nuwamba na 2022, kafin manyan baƙin nan su iso, Ahmed Musa ya ci gasar lig da Al-Nassr a 2019, tawagar da ta je Rasha a 2018 tana da 'yan baya uku masu laƙabin Hawsawi, wato Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ne ma kyaftin. Iyakar da ba a tsallakawa ko a ƙwallon ita ce zagin asali ko launin fata, kuma mu da muka san ɗacin wasu sunayen da ake kiranmu da su bai kamata mu zama masu jifan wani da irinsu ba.

A rubuce, ra'ayi ya fi kyau ya zama gajere: batu ɗaya, dalili ɗaya ko biyu, sannan a tsaya. Saƙon murya na minti tara ba mai sauraronsa sai mai neman abin kamawa. Idan rai ya ɓaci, a rubuta amsar a bar ta har bayan sallah ta gaba, galibi za a tarar rabinta ba ta da amfani. Batutuwan zamantakewa, kamar tsadar aure, ko aikin mata, ko tuƙin mota da aka ba su dama tun 24 ga Yuni na 2018, a tattauna su ba tare da kawo misali da gidan wani ba, domin a unguwa kowa ya san wa ake nufi ko ba a kama suna ba.

In kuwa ta bayyana cewa mutum ya yaɗa abin da ba haka yake ba, gogewa kaɗai ba ta wadatar, domin waɗanda suka karanta sun riga sun karanta. Gyaran a wurin da aka yi ɓarnar ake yinsa. Dattijon nan mai tabarau haka ya yi a daren: ya danna wayar, ya kai ta kusa da baki, ya ce wa 'yarsa hoton da ya turo ba na Maiduguri ba ne, kada ta tura wa kowa, wanda ta riga ta tura wa kuma ta sanar da shi. Ya ajiye wayar a kan darduma, ya miƙo finjalinsa aka ƙara masa gahawa.