Kurakuran da mutanenmu ke yi a jiragen ƙasa da gidajen tarihin reluwe na ƙasashen waje

Mu mutanen Kaduna muna ganin babu wanda zai koya mana hawa jirgin ƙasa. Dogo ne ya raini garin, kuma tun 2016 muke zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu. Sai dai layinmu ɗaya ne, duk jirgin da ka tarar a Rigasa Abuja za shi. Da wannan sabo muke fita waje, mu faɗa tashar da jiragen garuruwa daban-daban ke tsayawa a dandamali guda, kowane da kuɗinsa da dokarsa. Na gaji da jin labari iri ɗaya daga bakin waɗanda suka dawo, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Babban abin da ke cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar cewa sayen tikiti ya wadatar. A birane irin su Balin da Munik babu ƙofar da za ta tare ka, babu mai tambayarka komai, sai ka shige abinka. Amma yawancin tikitin takarda ba ya fara aiki sai ka cusa shi cikin ɗan injin da ke bakin dandamali ya buga masa rana da lokaci. Haka ma tikitin takarda na ƙananan jirage a Italiya. In babu wannan hatimi, kai da wanda bai biya ko sisi ba ɗaya kuke, tarar kuwa a Jamus yuro 60 ce.

Wannan ta taɓa cin aljihuna. Ɗan wana ne ya sayo mana tikiti a wani gari na Jamus, ya zuba su a aljihu, muka shiga muna ta kallon gonaki. Can sai ga mai duba tikiti cikin kayan gida. Yaron nan ya dage: "Baffa, wallahi na biya, ga ma rasit!" Mutumin bai ko ɗaga murya ba, ya rubuta wa kowannenmu tasa, ni kuwa na biya duka. Ku daina tunanin a can ma ana cewa "yallaɓai, a yi haƙuri, baƙi ne mu". Ba a roƙo, ba a ciniki, kuma kada ka kuskura ka miƙa masa na goro.

Ƙanin wannan kuskure shi ne afka wa duk jirgin da ya zo don ka ga sunan garinku a goshinsa. Tikiti mai arha na ƙananan jirage ba ya aiki a ICE, jirgi mai gudu na Jamus. A Japan kuma layi ɗaya yana da mai tsayawa kowace tasha, da mai tsallake ƙananan tashoshi, da mai neman ƙarin kuɗi. Gidan tarihin reluwe na Kiyoto, wanda aka buɗe a 2016, tasha ɗaya ce tak tsakaninsa da babbar tashar birnin, amma ba kowane jirgi ke tsayawa a wurin ba. Ni dai na fi duba minti da lambar jirgi a kan sunan gari. Kuma duk da yara na yi mini dariya wai komai yana waya, a wurin mai sayar da tikiti nake sayen tikitina, in nuna wa ma'aikaci kafin in taka.

Sai maganar gidan tarihin kansa, inda raina ya fi ɓaci. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwa ya tsallaka teku, ya ƙarar da safiyarsa a kantin turare da takalma, sai bayan la'asar ya ce bari a leƙa wajen tsofaffin jirage. Haba jama'a! Galibinsu wajen ƙarfe biyar suke rufewa, ga kuma ranar hutu: na Delhi da na Nurembag a Jamus Litinin, na Saitama a Japan Talata, na Kiyoto Laraba. Ka duba tun daga masauki, ka isa ana buɗe ƙofa, kasuwa ba za ta gudu ba. Na Yok a Ingila, wanda yake tun 1975, shiga kyauta ne, kuma rabin yini ba ya isarsa. A can Mallard yake, kan jirgi mai tururi da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, har yau babu irinsa da ya kamo shi. Amma kada ka yi wa yara alkawarin ganin shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman, don yawanci yana yawo a wasu garuruwa.

In kuma an shiga, sai hoto. A jingina da inji, a ɗaga yatsu biyu, a wuce, ba a karanta ko layi ɗaya na allon bayani ba. Na ga wanda ya je gidan tarihin reluwe na Nairobi ya dawo bai san ya wuce taragon da zaki ya shiga ya ɗauke wani jami'in 'yan sanda Bature, Charles Ryall, a tashar Kima a 1900 ba. Tarago ne kawai kamar sauran in ba ka karanta ba. Af, masu zuwa daga Mombasa su sani sabuwar tashar tana Siyokimau, bayan gari, gidan tarihin kuwa yana gefen tsohuwar tasha a tsakiyar birni.

Masu Umara ma da nasu. Sau nawa mutum ke zuwa Madina bai taɓa taka Anbariyya ba, inda tsohuwar tashar jirgin Hijaz take, layin da ya taso daga Dimashƙu ya iso birnin a 1908 zamanin Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulhamid na biyu? Da ƙafa ana zuwa daga Harami. Ka dai tambaya a masauki ko a buɗe take. Jirgin Haramaini, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, kuma yana da iyakar kaya, kada ka je masa da buhunan dabino.

Sauran ƙanana ne. Ƙofar jirage da dama a Turai ba ta buɗe kanta, sai ka danna maɓalli. Wani jirgin yana rabewa biyu a hanya, ka tabbata taragonka na cikin rabin da za shi inda ka nufa. A Japan ba a amsa waya a cikin tarago, balle irin gaisuwarmu ta tambayar gida da gajiya. A Alƙahira da Delhi akwai taragon mata zalla, malam ka duba kafin ka zauna. Kada ka hau kan inji sai inda aka sa matakala. Katin JR Pass na hawa jiragen Japan na kwana bakwai ya koma yen 50,000 a 2023, asara ce ga wanda ƙananan jirage kawai zai riƙa hawa.

Jadawalin Lahadi daban yake da na sauran ranaku, kuma a ƙauyukan da suka fi daɗin kallo jirgin ƙarshe da wuri yake wucewa. Ina sauka nake ɗaukar hoton jadawalin komawa kafin in bar tasha. Alwala kuwa daga masauki nake fita da ita, da ɗan siririn darduma a jaka, tunda ƙananan tashoshi da yawa ko banɗaki babu.