Kurakuran da muke ta maimaitawa da maganin FMF

Wallahi na gaji da jin "maganin nan ya daina yi masa". Yarona yana da FMF, zazzaɓin gado mai zuwa da ciwon ciki da na gaɓoɓi, an fi samunsa a Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa, mu ta dangin babansa ya zo. Kafin a gano ciwon, shekara uku muna zaryar kemis a Tudun Wada, yau maleriya gobe taifod, bayan kwana biyu ko uku ya sauka da kansa mu ce allura ce ta yi aiki.

Babban kuskuren ni na fara yinsa. Colchicine, maganin da ake ba masu FMF, ba Panadol ba ne da za ki jira jiki ya yi zafi, kullum ake sha, da lafiya da ba lafiya. Da ya sa masa gudawa sai na ajiye abina ban gaya wa kowa ba, wata biyu, ciwon ya dawo har yaro ba ya iya miƙewa, na je ina ta faɗa wai jikinsa ya bijire wa magani. Likita ya ce "Hajiya, ina kwalin?" Na ciro daga jaka, a cike. Masu bijirewar gaske wajen 5 zuwa 10 ne cikin 100, kuma sai an yi watanni ana shan iyakar abin da jiki zai ɗauka kafin a ce haka, sannan a kawo maganar allura irin anakinra ko canakinumab. Ke da kike tsallake kwana uku a sati, wane bijirewa? Kina wasa ne da ƙodar ɗanki, don tun 1972 maganin nan ne ke tare amiloid, wani furotin da ke taruwa a jiki yana cinye ƙoda shiru. Ni yanzu yana sallame Isha'i nake tsayawa a kansa har ya haɗiye, ranar ciwo kuma in rubuta a littafi.

Sai bitamin D. An yi bincike a Turkiyya an ga yana ƙasa a masu ciwon, shikenan wasu suka sayi kwalba suka watsar da colchicine. Haba! A gwada jini, in ya yi ƙasa a ƙara, a kan maganin ba a madadinsa ba. Kuma kar ki ce ai Kaduna akwai rana mai sa jiki ya samar da bitamin D, yaron da ke ɗaki kullum fa?

Bitamin B12 ma a duba, colchicine na rage shigarsa jiki. Gwajin fitsari don duba ƙoda kar ya wuce shekara. Mai kemis ya miƙo clarithromycin don tari, ki mayar masa, haɗa shi da colchicine guba ne.