Darasi na 7: Yadda iskar kabon ke ɗumama duniya

Idan janareto yana aiki, kowa na ganin baƙin hayaƙin da yake fitarwa. Tare da hayaƙin nan akwai wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari. Sunanta kabon dayoksaid, amma a wannan darasi za mu riƙa ce mata iskar kabon. Duk inda aka ƙona fetur, dizal, kwal, gas ko itace, sai ta fito. Mu ma muna fitar da ita wajen numfashi, tsirrai kuwa da ita suke haɗa abincinsu.

Aikinta a sama

Rana takan gasa ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. Yawancin iskar da ke kewaye da mu ba ta tare wannan zafi. Iskar kabon da tururin ruwa ne ke riƙe wani kaso su dawo da shi ƙasa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki a daren hunturu. Ba don su ba, da matsakaicin zafin duniya ya zama digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kusan digiri 15. Ke nan iskar ita kanta ni'ima ce. Yawanta ne ya zama matsala.

Ta yaya aka sani?

A 1856 wata mata a Amurka mai suna Eunice Foote ta cika tulun gilashi ɗaya da iskar da muke shaƙa, ɗaya kuma da iskar kabon. Ta sa ma'aunin zafi a kowanne, ta ajiye su a rana. Mai iskar kabon ya fi ɗaukar zafi, ya kuma fi daɗewa bai huce ba. A 1859 John Tyndall ya gwada a Landan, ya nuna cewa iskar tana shanye zafi. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya zauna da alƙalami ya lissafa yadda duniya za ta ɗumama idan iskar ta ninka. Ku lura da shekarun nan: ilimin ya girmi kakanninmu, an same shi tun ba a fara cece-kuce a kansa ba.

Saura awo. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, tsakiyar teku, nesa da masana'antu. Ya samu kimanin kashi 315 cikin kashi miliyan na iskar da ke sama. Yau ta haura 420. Kowace shekara takan ɗan sauka idan itatuwan arewacin duniya suka yi ganye, ta hau idan ganyen ya zube, amma kullum hawan ya fi saukar.

To kafin 1958 fa? A Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, akwai ƙanƙara mai zurfin gaske, wadda tsohuwar iska ta maƙale a cikinta. Masana sun haƙo ta sun auna. A cikin shekara 800,000 iskar kabon ba ta wuce kusan kashi 300 cikin miliyan ba. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280.

Wani zai ce ko rana ce ta ƙara zafi? Tambaya ce mai kyau, an kuma bincika. Tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan Adam ke auna ƙarfin rana, bai ƙaru ba. Sannan da rana ce sanadi, da iskar can ƙololuwar sama ta ɗumama ita ma. Abin da aka gani shi ne can sama tana sanyi, nan ƙasa tana zafi, alamar cewa zafin a ƙasa yake maƙalewa. Shi ya sa a 2021 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce babu shakka ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya. Zafin ya ƙaru da fiye da digiri 1 a kan na kafin zamanin masana'antu, kuma 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi.

Kada ku raina digiri ɗaya. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin ɗari. Gona takan bushe da wuri, in ruwan ya tashi zuwa kuma ya zubo da yawa a lokaci guda.

Itace da fetur ba ɗaya ba ne. Bishiya daga iska ta tara kabon ɗinta, in an sare an dasa wata, sabuwar za ta sake shanye shi. Fetur da kwal kuwa sun yi miliyoyin shekaru a binne, mu muka tono su. Kusan rabin abin da ake fitarwa teku da tsirrai ke shanyewa, sauran ya zauna a sama, wani kason har ɗaruruwan shekaru. Sin da Amurka ne kan gaba wajen fitarwa. Afirka gaba ɗaya ba ta wuce kusan kashi 4 cikin ɗari ba, amma iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

Aikin aji

Litar fetur ɗaya ba ta kai kilo ɗaya ba, amma in ta ƙone tana ba da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, domin kabon ɗin yana haɗuwa da iskar oksijin.

1. Ɗan acaɓa yana ƙona lita 3 a rana. Kilo nawa yake fitarwa a rana? Nawa ne a kwana 30?
2. Ku cire 280 daga 420. Me amsar take nunawa?
3. Ku tambayi dattijan garinku yaushe damina ke sauka a da, yaushe take sauka yanzu. Ku rubuta jimla uku, ku kawo aji.