Yadda ake haƙa tassa a farfaɗo da fako

In ruwan sama ya zuba a kan fako, gudu yake yi, ya kwashe ɗan abin da ya rage na ƙasa mai kyau. Tassa rami ne da ke tare ruwan nan da taki a daidai gindin shuka. Manoman Illela a jihar Tawa ta Nijar sun ga wannan dabara a yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, suka kawo ta gida, kuma da ita aka mai da fako mai yawa gonakin gero da dawa.

Da rani ake haƙa, da diga da fartanya. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 10 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar taku guda. Hekta ɗaya na cin ramuka wajen 10,000, don haka aikin gayya ne, ko a riƙa yin kaɗan-kaɗan duk shekara.

Kafin sara na farko, a duba inda ruwa ke gangarawa. Ƙasar da aka fid da a tara ta a gefen gangare, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, bakin ramin na fuskantar tudu. Nan ne aka fi yin kuskure: in aka tara ta a gefen tudu, ita ce za ta kore ruwan, aikin ya tashi a banza. Layi na biyu kuma kada ya bi sahun na farko. A sa kowane rami a tsakanin biyun da ke samansa, yadda ruwan da ya kuɓuce zai faɗa cikinsa.

Kowane rami a zuba masa taki cikin tafin hannu biyu, a rufe da ƙasa kaɗan don kada iska ta ɗauke. Takin ya zama busasshe wanda ya ruɓe, ɗanye yana ƙona tsiro. Gara za ta zo, kuma a bar ta: hanyoyin da take fasawa su ne ke shigar da ruwa can ƙasa.

Sai an yi ruwa mai ƙarfi ramin ya jiƙe sosai ake shuka. Bayan tsiro a rage, a bar uku masu ƙarfi.

Tassa ba ta yi a jigawa, rairayi zai cike ramin tun kafin damina. A fadama kuwa ruwa ke kwanciya, saiwa ta ruɓe.

Sau da yawa ƙwayar gawo ko aduwa na zuwa cikin kashin dabbobi ta tsira a ramin. Kada a cire ta wajen noma, a kafa mata sanda a gefe don mai fartanya ya gan ta. Shekara mai zuwa a yashe tsofaffin ramukan, a ƙara taki inda ya ƙare, sannan a ci gaba da sabon haƙa daga inda aka tsaya.