Eklea da kwaɓin kanti

'Yan'uwa, wadda kwaɓin asali na eklea (wani dogon kek mai kirim a ciki da cakulan a sama) ke ba ta wahala, ta sayi daskararren kwaɓin da aka rubuta puff pastry a kwalinsa, akwai shi a manyan kantunan Legas. Ba zai yi rami a ciki kamar na asali ba, falle-falle yake tashi, amma a baki ba laifi.

A bar shi ya saki a cikin firji, ba a kan tebur ba. Zafin garin nan yana narkar da man da ke tsakanin fallayen, sai ya ƙi kumbura. A yanka tsawon santimita 10, faɗi 3, da wuƙa mai kaifi. Obin ya kai digiri 200 kafin a saka, a gasa minti 18 zuwa 20 har ya yi ja. Kada a buɗe ƙofa da wuri, faɗawa zai yi.

In ya huce sarai a tsaga shi. A buga kirim mai sanyi mililita 250 da garin sukari cokali 2, kwanon ma ya sha sanyi. A narka cakulan giram 100 cikin kirim mai zafi mililita 80, a tsoma saman.

Sai za a ci ake zuba kirim ɗin da aka buga a cikin tsagar, don danshin Legas yana sa shi laushi.